Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram da Majalisarsa a Kan Masu Kashe Kansu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya kuma dafa wa ƴan majalisarsa, hakimai, limaman Juma'a da masu unguwannin birnin Zinder a kan nauyin jama'a da ya ɗora musu. Ni malamin makaranta ne, haihuwar Zango, na fi shekara 20 ina koyar da yara a koleji a cikin garin nan. Na ɗauki alƙalami ne da yawun wasu iyaye da ƴan'uwa, maza da mata, waɗanda abu guda ya haɗa mu: kowannenmu ya rasa wani nasa ta hanyar kashe kai, ko kuwa yana zaune da wanda ya gwada Allah ya kuɓutar da shi. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba. Mun san juna ne a wuraren gaisuwar rasuwa, irin gaisuwar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa a tashi da sauri, kuma daga nan muka fara ziyartar juna.

Ranka ya daɗe, abin da ya tilasta mana magana shi ne ranar 10 ga Satumba ta sake zuwa ta wuce. Tun shekarar 2003 aka keɓe wannan rana a duniya domin faɗakarwa a kan hana kashe kai, da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya. Mun kasa kunne a masallatan da muke salla da gidajen rediyon da muke saurare, babu ɗayanmu da ya ji an ambaci maganar, alhali makonni kaɗan kafin ranar mun raka gawar wani saurayi na unguwarmu wanda kowa ya san yadda ya tafi, ko da yake babu wanda ya furta. Mun zaɓi mu kawo kukanmu fada saboda a Damagaram maganar da ta fito daga fada da mumbari ita ce take shiga zaure ta kai har tsakar gida, inda takardar ofis ba ta kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ne suke kashe kansu a kowace shekara, kuma a tsakanin matasa ƴan shekara 15 zuwa 29 wannan ita ce hanya ta uku da ta fi ɗaukar rai. Mun daɗe muna gaya wa kanmu cewa wannan ciwon Turawa ne, na mutanen da ba su da dangi ba su da addini. Alƙaluman hukumar sun nuna kashi 73 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke aukuwa, kuma a ƙididdigar 2019 nahiyar Afirka ce ta fi ko'ina, da kusan mutum 11 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Mu da muka wanke gawar namu da hannunmu ba ma buƙatar lissafi kafin mu yarda, amma mun kawo shi domin waɗanda har yanzu suke cewa abin bai zo nan ba.

Kukanmu na farko a kan shirun da muke yi ne, kuma da kanmu za mu fara, domin mu ma mun yi shi. Idan abin ya auku a gida, kafin maƙwabta su taru an riga an shirya abin da za a faɗa: ciwon ciki ne na dare ɗaya, ko tsautsayi ne ya faɗa masa. Ana yin haka don rufin asiri, don kada a guji auren ƙannensa mata, don kada a riƙa nuna ƙofar gidan da baki. Muna fahimtar dalilin, amma mun ga abin da yake haifarwa. Uwar da ta rasa ɗanta ba ta da wanda za ta gaya wa gaskiyar abin da yake cin ta, sai ta zauna da shi shekara da shekaru har hawan jini ya kwantar da ita. Ƙanen mamacin, wanda wataƙila shi ne ya fara ganin gawar, ana tura shi makaranta bayan kwana uku kamar ba abin da ya faru, ni kuma da nake gabansa a aji ina ganin yadda yaro mai ƙoƙari yake komawa bayan aji ya daina ɗaga hannu. Likitoci sun tabbatar cewa dangin wanda ya kashe kansa suna cikin waɗanda haɗarin ya fi kusa da su, ga shi kuwa su ne muke bari su kaɗai. Hukuma kuma ba za ta ware ma'aikaci ko kuɗi ga cutar da babu ita a cikin rajistarta ba, tunda mu da kanmu muka hana a rubuta ta.

Na biyu, kuma shi ne ya fi mana nauyi a baki, ya shafi yadda ake wa'azi a kan wannan al'amari. Muna roƙon malamanmu su yi mana afuwa, mu almajiransu ne, a gabansu muka yi karatu. Babu ɗayanmu da yake jayayya cewa kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, nassi ya zo da shi a sarari. Abin da yake damun mu shi ne ba a tashi maganar sai bayan an riga an rasa rai, kuma idan aka tashe ta, a kan azaba kaɗai ake tsayawa, a gaban iyayen da ba su gama share hawaye ba. A wasu wuraren har gardama ake yi a kan ko za a sallaci gawar, wasu su janye daga sahu. Alhali ayar da ta hana, ta 29 a cikin Suratun Nisa'i, da ta ce kada ku kashe kanku, da faɗin cewa Allah mai jinƙai ne a gare ku ta ƙare. A mazhabar Imam Malik da muke bi a ƙasar nan, wanda ya kashe kansa Musulmi ne, ana yi masa wanka da salla kamar sauran matattun Musulmi, laifinsa yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Kuma a cikin Sahihu Muslim akwai labarin abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru, wanda ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Malamanmu sun fi mu sanin wannan hadisi, amma mu jama'ar gari da yawanmu ba mu taɓa jin sa daga mumbari ba.

Illar wannan ba a kan mamaci take ba, shi ya riga ya tafi ga Mahaliccinsa. Tana kan wanda yake zaune a sahu yana saurare, zuciyarsa cike da irin wannan tunani, yana neman wanda zai gaya wa. Idan abin da ya ji kawai shi ne mai irin tunaninsa ya rasa imani kuma ba shi da tawakkali, to zai tashi ya tafi da abinsa a ciki, ba zai tunkari liman ba, ba zai tunkari mahaifinsa ba. Ciwon damuwa cuta ce da take hana barci, ta hana cin abinci, ta sa mutum ya ga kansa kaya ne a wuyan iyalinsa, kuma tana kama mai salla a sahun farko kamar yadda ciwon suga yake kama shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai kira shi mai raunin imani ba. Ba mu ce a bar addu'a ko ruƙiya ba, muna yin su kuma muna ganin amfaninsu. Muna cewa mai ciwon nan a haɗa masa addu'a da likita, kamar yadda muke yi wa mai zazzaɓin cizon sauro ba tare da wani ya zarge mu da ƙarancin tawakkali ba.

Allah ya ba Sarki nasara, a nan zan faɗi nawa, da izinin mahaifiyarmu. Ƙanena ɗan kasuwa ne ƙarami, yana sarin kaya daga Kano ya kawo Zinder, yawancin jarinsa kuma na mutane ne. Da aka rufe iyaka bayan watan Yulin 2023, kasuwar ta tsaya, masu bashi suka fara zuwa ƙofar gida. Ya daina zuwa fadar shayin da ya saba zama, ya rame, yakan ce da matarsa gara ma ya mutu kowa ya huta. Muka ce masa ya yi haƙuri, namiji ba ya raki. Wata rana ya gwada, Allah ya sa aka gan shi da wuri, muka kai shi wata ƙaramar cibiyar lafiya. Sun yi ƙoƙari sun ceci jikinsa, bayan kwana biyu suka sallame mu, babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya kai shi, babu wanda ya ce mu dawo ranar kaza, mu ma ba mu tambaya ba domin hankalinmu yana kan kada labari ya fita. Bayan wata huɗu sai ya zagaya gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa a yafe masa, ya ba ɗana agogonsa, fuskarsa a sake kamar wanda ya sauke kaya. Na yi murna a ranar, na ce ƙanena ya warware. Bayan rasuwarsa ne wani ma'aikacin lafiya ya gaya mini cewa gwaji na farko shi ne alama mafi ƙarfi ta cewa mutum zai iya sakewa, musamman a watannin da suka biyo baya, kuma neman yafiya ba tare da wata tafiya ba, da rabon kaya, da natsuwar da ta zo farat ɗaya bayan dogon ƙunci, duk alamu ne sanannu. Ina da ilimin boko, ina koyar da ƴaƴan mutane, amma ban san wannan ba, domin ba a taɓa faɗa mini ba a makaranta, ko a masallaci, ko a rediyo.

Na uku shi ne guba da take yawo a kasuwanninmu babu mai tsawatawa. Maganin ƙwari da na ɓera ana zuba su a ƙananan kwalabe marasa suna, ana sayarwa a kan tebur ɗaya da ashana da sabulu, yaro ma zai saya babu mai tambayarsa, sannan a kai gida a ajiye a ɗakin kwana ko kusa da kayan miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da magungunan ƙwari na gona suke yi, mafi yawa a karkara. Mutane sukan ce wanda ya yi niyya ko an ɓoye wannan zai nemi wani, amma abin da aka gani a aikace ya saɓa wa haka. Sau da yawa abin yana zuwa ne cikin zafin zuciya na ɗan lokaci, bayan faɗa tsakanin miji da mata ko bayan an ci wa mutum fuska a gaban jama'a, kuma idan awa ɗaya ta wuce babu abin a kusa, zuciyar takan sauko. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi haɗari daki-daki, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rayuka 93,000 suka tsira, noma kuma bai lalace ba. Mun san manomanmu na Mirriah, Magaria da Matameye suna buƙatar abin da zai kare musu wake daga ƙwari, amma buhunan nan masu ninki uku da ake kira PICS suna adana wake ba tare da an zuba masa komai ba, kuma manoman Nijar sun san su. A gefen wannan akwai tramol da sauran ƙwayoyi da suke hannun samarinmu, daga masu kabu-kabu har ƴan makaranta, waɗanda suke ƙara wa mai ƙunci ƙunci kuma su cire masa tsoron abin da zai aikata.

Akwai kuma wayar hannu. Kafin a rufe gawar saurayin da na ambata, hotonsa ya riga ya zagaya WhatsApp da Facebook, da sunan unguwa da bayanin yadda ya yi, har ya isa wayar ƙanwarsa tana aji. Wannan cin mutuncin mamaci ne, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa yaɗa irin wannan bayani dalla-dalla yana jan wasu masu rauni su kwaikwaya.

Ba za mu rufe kukanmu ba tare da ambaton mata ba, domin rabin waɗanda suka sa ni rubutun nan mata ne. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba a nemi yardarsu ba. Idan irin wannan yarinya ta gudo gida ta ce in an mayar da ita za ta kashe kanta, abin da aka saba shi ne a ce barazana ce ta yarinta, a yi mata faɗa a raka ta. Wasu daga cikinmu sun raka tasu haka, kuma ita ce rakiya ta ƙarshe. Akwai mai jego da take kuka ba dalili, ta ƙi jaririnta, a ce iska ce ta shafe ta, alhali ciwon damuwa na bayan haihuwa ne wanda yake da magani. Akwai matan ƙasar Kance da talauci yake kora zuwa Aljeriya da ƙananan yara. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a watan Oktoban 2013 ba, mafi yawansu mata da yara, kuma waɗanda ake dawowa da su a yau suna komowa ne da bashin kuɗin mota da abubuwan da suka gani a hanya, babu mai tambayarsu halin da zuciyarsu take ciki.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon fada ta tara limaman Juma'a na birni da kewaye tare da likitocin ƙwaƙwalwa da suke aiki a Zinder, su zauna su tsara huɗuba guda da za a yi a dukkan masallatai a Juma'a ɗaya, a kuma maimaita ta fiye da sau ɗaya a shekara. Huɗubar ta faɗi haramcin, ta faɗi rahamar, ta ambaci alamomin da sunansu, ta kuma gaya wa mai ƙunci a sarari cewa faɗin abin da yake ransa ba laifi ba ne, ta nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A wannan zama muna roƙon malamai su yanke magana a kan jana'iza, domin kada a sake barin wani gida yana neman wanda zai sallaci ɗansa.

Muna roƙon a koyar da masu unguwanni, ungozomomi, malaman allo da na boko, shugabannin fadojin samari da na ƙungiyoyin adashin mata yadda ake tunkarar wanda aka ga alama a tare da shi. Abin ba mai tsawo ba ne, yini ɗaya ya isa a fara. A zauna da shi a keɓe, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin masana sun tabbatar tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa sauƙi take kawo masa. A saurare shi ba tare da gaggawar wa'azi ba, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi wurin likita a ranar.

Muna roƙon Mai Martaba ya kai maganarmu ga Gwamnan jiha da hukumar lafiya ta jiha. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda aka tsara domin ma'aikacin lafiya da ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba ya iya gane ciwon damuwa da haɗarin kashe kai ya kuma fara kula da su. Muna son a horar da aƙalla mutum ɗaya a kowace ƙaramar cibiyar lafiya (CSI) ta birni da ƙauyuka, a kafa ƙa'ida cewa duk wanda aka kawo bayan ya gwada ba za a sallame shi ba sai an zauna da shi da wani nasa, an sa masa ranar dawowa, an kuma bi sawunsa idan bai dawo ba. Muna son a riƙa ƙidaya waɗannan al'amura cikin sirri, ba tare da suna ba, a kuma samar da lambar waya da mutum zai kira da dare ya samu mai amsa masa da Hausa ko Barbarci. Jami'ar André Salifou tana cikin garin nan, malamanta da ɗalibanta za su iya taimakawa da binciken da zai nuna mana inda abin ya fi tsanani.

Muna roƙon fada ta kira shugabannin kasuwa, daga Kasuwar Dole zuwa kasuwannin ƙauye, a hana sayar da guba a kwalabe marasa suna da sayar wa yara, a kuma yi shela cewa kowane magidanci ya kulle abin da yake da shi nesa da ɗakin kwana. Masu gidajen rediyo kuma a nemi su amince da ƙa'ida guda: ba suna, ba hoto, ba bayanin hanya, kuma duk lokacin da aka taɓo maganar a faɗi inda ake samun taimako.

Idan Mai Martaba ya ga ya dace, mu a shirye muke mu zo fada, ko mu zauna gaban malamai da likitoci, mu faɗi da bakinmu abin da muka gani da abin da ya wuce mu ba mu gane ba. Mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 70 kuma ba ta taɓa magana a gaban taron maza ba, ta ce in an kira za ta zo tare da mu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da Damagaram lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani malamin makaranta, a madadin iyalan da abin ya shafa,
Unguwar Zango, Zinder.